LOKESHIN: Peniskola, Ƙauyen Da Ya Fi Wasu Jarumai Fitowa A Fim

DUK wanda ya taɓa kallon tsohon fim ɗin nan na Amurka mai suna El Cid, da wuya ya manta da fitowar ƙarshe. An buɗe ƙofar birni da sanyin safiya, sai ga jarumi Charlton Heston bisa farin doki, ya sha sulke, tuta a hannu, ido buɗe ko ƙiftawa babu. Abokan gaba na hango shi sai hankalinsu ya tashi, domin jiya-jiyan nan suka soka masa kibiya a ƙirji. Ashe gawa ce a kan dokin. Ya cika cikin dare, mutanensa suka ɗora shi a sirdi suka tokare masa baya da ƙarfe. Rundunar maƙiya ta watse, doki ya bi bakin teku da mamacin, yana ta tafiya har fim ya ƙare.

A cikin labarin, wannan birni wai Balansiya ne, garin da masu kallon ƙwallo suka sani sarai. To amma mai karatu, ko shekara ka yi kana yawo a Balansiya ba za ka ga wannan ganuwa da ta tsaya a kan teku ba. Inda aka yi shutin ɗin wani ɗan gari ne na masunta a gaɓar Bahar Rum, cikin lardin Kastelon na ƙasar Sifen, kimanin kilomita 140 arewa da Balansiya ɗin. A taswira ana rubuta sunansa Peñíscola, a baka kuma Peniskola. Mazaunansa ba su wuce 8,000 da 'yan kai ba, amma da ana ba gari kyautar gwarzon ɗan wasa, da tuni ya tara kofuna. Ya fito a matsayin Balansiya, ya fito a matsayin wani ƙauye mai suna Calabuch, ya fito a matsayin birnin Meereen na cikin Game of Thrones. Kullum da sunan aro. Nasa labarin na ainihi kuwa, wanda ya fi dukkan waɗancan ban mamaki, sai wanda ya taka da ƙafarsa ya hau dutsen ya shiga wata 'yar tsohuwar coci ne zai ci karo da shi.

Mai zuwa ta jirgin ƙasa daga Basalona ko Balansiya yana sauka ne a tashar Benikarlo, garin da ke maƙwabtaka, daga nan ya hau bas. Gaskiyar magana, farkon ganin ba ya burge kowa. Dogayen otal-otal ne jere a bakin rairayi, shagunan sayar da tabarau da kayan wanka, irin abin da za ka gani a kowane bakin teku na Turai. Sai hanya ta ɗan karkata sannan abin ya bayyana: wani ƙaton dutse mai tsayin sama da mita 60 ya shiga cikin teku, fararen gidaje sun manne a jikinsa kamar saƙar zuma, ganuwa ta yi masa ɗamara, a can ƙololuwa kuma ga wani gansamemen gini na dutse zalla. Abin da ya haɗa dutsen da tudu ɗan siririn rairayi ne kawai. A da can, idan teku ta fusata, ruwa kan shanye wannan rairayi garin ya koma tsibiri. Ma'anar sunan ke nan ma a harshen Latin: saura kaɗan ya zama tsibiri.

Abin da ya sa kowane mai mulki ya yi ta kwaɗayin wurin ba tsayinsa ba ne kaɗai. Ruwa ne. Duk da teku mai gishiri ta kewaye shi, akwai idanun ruwa masu daɗi da ke ɓuɓɓugowa daga gindin dutsen, a cikin ganuwa. Wato ko an yi wa garin ƙawanya, ƙishirwa ba za ta sa ya miƙa wuya ba.

Ƙofofin shiga uku ne, kuma Bakano zai ji kamar ya san tsarin, domin kowace ƙofa da sunanta da tarihinta, kamar dai na badala. Akwai ƙofar Santa Mariya, wadda ita ce ƙarama a shekaru, an huda ta a 1754 don keken doki ya riƙa shiga. Akwai ta San Pere ta wajen tashar jiragen kamun kifi. Sai kuma Portal Fosc, wato ƙofa mai duhu, wadda ake hawa wata doguwar gangara kafin a kai gare ta. Wannan ɓangare na ganuwar an gina shi ne tsakanin 1576 da 1578 bisa umarnin Sarki Filib na 2, da zanen wani injiniya ɗan Italiya, Giovanni Battista Antonelli, saboda tsoron jiragen Turkawa da 'yan fashin teku daga Arewacin Afirka. Shi ya sa bangon yake da kauri da kusurwoyi masu tsini: don igwa aka yi shi, ba don kibiya ba.

A nan ne masoya Game of Thrones ke tsayawa su fiddo waya. A watan Oktoba na 2015 aka kawo shutin ɗin zango na 6 garin, aka nuna shi a 2016. Fitowar nan da gajeren jarumi Peter Dinklage, wato Tyrion, yake tafe da Varys suna zagaya Meereen bayan sarauniya ta ɓace bisa dodonta, a wannan gangara da wannan ƙofa da dandalin Santa Mariya aka ɗauke ta. Lambun da ke kan ganuwa, inda da can ake girke igwa, shi ma ya fito. Sai dai kada mai karatu ya je yana waige-waigen neman dogayen dala ɗin nan na Meereen. Babu su. Aikin kwamfuta ne aka liƙa a saman hoton. Abin da ke wurin da gaske shi ne bango, da tsuntsayen teku, da baƙi suna ta gwada tsayuwa daidai inda Tyrion ya tsaya.

Daga ƙofa kuma sai hawa. Lungunan ƙanana ne, an shimfiɗe su da duwatsu, wasu ma matakala ce zalla, don haka mai takalmi mai tsini ta shirya wa wahala. Gidajen farare ne fat, an shafa wa bakin ƙofofi da tagogi shuɗi. Akwai wani gida da aka lulluɓe fuskarsa kaf da ɓawon dodon-koɗi na teku. A wani lungun kuma mutum zai ji wani irin gurnani daga ƙarƙashin ƙasa kamar numfashin wata ƙatuwar dabba. Bufador ke nan, wani rami da ya ratsa dutsen har teku. Igiyar ruwa na shiga ta ƙasa, iska ta fito ta sama da ƙara, ran da teku ta yi fushi har ruwa yake fesowa tsakanin gidaje.

Cocin Santa Mariya tana tsakiyar waɗannan lunguna, kuma mai sauri zai iya wuce ta bai lura ba, domin gidaje sun matse ta ta kowane gefe. Ba ta da wani girma, ba ta da ado a waje. Tsohuwar ƙofarta mai baka ce zagayayye, na sassaƙaƙƙen dutse, irin ginin farkon zamanin da Kiristoci suka karɓi garin a ƙarni na 13. Idan an shiga, ido zai ga gini biyu a jiki ɗaya. Tsohon ɓangaren yana da bakuna masu tsini a sama, salon ginin da ake kira Gotik. Sabon ɓangaren kuma an ƙara shi ne tsakanin 1725 da 1739 da jama'a suka yi yawa. Har yau nan ce cocin mutanen gari, a nan suke ibada da ɗaurin aure da jana'iza, saboda haka baƙo kan shiga ne da natsuwa, ya rage murya, ya kuma duba lokacin da take a buɗe.

Abin da ya ɗaga darajar wannan 'yar coci shi ne wasu kayayyaki uku da take ajiye da su. Akwai wani gicciye na ɗauka a jerin gwano, wanda aka yi da dutse mai ƙyalli kamar gilashi aka ɗaure da azurfa. Akwai kofin ibada na azurfa da aka shafe da ruwan zinare. Akwai kuma wani ɗan ma'aji na kayan tsarki. Irin waɗannan kaya a fadar Fafaroma ake sa ran ganinsu, ba a cocin masunta ba. A jikin biyun farko akwai tambari: jinjirin wata a kife. Kada a yi saurin cewa alamar Musulunci ce. Tambarin gidan su mai kayan ne, domin sunan zuri'arsa Luna, wato wata. To fa, a nan labarin yake.

Sunansa Pedro de Luna, an haife shi a 1328 a garin Ilyuweka na ƙasar Aragon, ɗan manyan gida, masanin shari'ar coci. A 1378 rikici ya ɓarke a cocin Katolika. An zaɓi Fafaroma a birnin Rum cikin hayaniyar jama'a, daga baya yawancin manyan limaman da suka yi zaɓen suka ce tsoro ne ya sa su, suka sake zaɓen wani, shi kuma ya tare a Abinyon ta ƙasar Faransa. Fafaroma biyu ke nan a lokaci guda, kowa na tsine wa ɗan'uwansa, sarakunan Turai suka rabu gida biyu. Da na Abinyon ya mutu a 1394, sai aka zaɓi Luna, ya ɗauki sunan Benedict na 13, bayan ya yi alkawarin zai sauka idan saukarsa ce za ta kawo sulhu.

Alkawarin da bai cika ba ke nan har ya koma ga Mahaliccinsa. Faransa ta juya masa baya, aka yi wa fadarsa ta Abinyon ƙawanya tun 1398, ya jure, sannan a 1403 ya yi shigar burtu ya sulale cikin dare. A 1409 aka yi taro a birnin Pisa don a sauke su duka biyun a naɗa sabo; aka naɗa sabon, tsofaffin suka ce ba inda za su, Fafaroma suka zama uku. A 1411 Luna ya kwaso littattafansa da 'yan fadarsa ya tare a kan wannan dutse na Peniskola. Ƙofar San Pere da aka ambata a baya shi ya sa aka buɗe ta a 1414, don jirgin ruwa ya riƙa zuwa har gindin ganuwa, kuma tambarin watan nan yana samanta har gobe. Daga wannan ƙauye yake aika wasiƙu duniya. Takardar amincewa da kafa Jami'ar St Andrews, jami'a mafi tsufa a Sikotilan, daga nan ta fita a 1413.

Kada dai a ɗauke shi wani bawan Allah da aka zalunta kawai. Mutum ne mai tsauri. Shi ya shirya muƙabalar Tortosa ta 1413 zuwa 1414, inda aka tilasta wa malaman Yahudawa zuwa su kare addininsu a gaban taron da aka riga aka yanke hukuncinsa, daga bisani ya kafa musu dokoki masu tsanani.

Abin da ya fi ƙona masa rai ya zo ne daga gida. Sarkin Aragon, Ferdinand na 1, da taimakon Luna ya hau karaga a 1412. Amma a 1415, da Sarki Sigismund na Jamus ya zo har Ferfinyan don a lallashi tsohon ya sauka, ya ƙi, sai Ferdinand ɗin ma ya janye masa mubaya'a a farkon 1416. A 1417 babban taron coci na birnin Konstans ya tsige shi, ya kira shi ɗan bidi'a, ya zaɓi Martin na 5. Na Rum ya riga ya yi murabus, na Pisa an riga an sauke shi. Saura tsoho ɗaya, ɗan kusan shekara 90, a kan dutse, teku ta kewaye shi, manyan limamansa sun gudu sun bar shi.

Hujjarsa kuwa ba ta wasa ba ce, shi ya sa ta gagari masu muhawara da shi. Cewa ya yi: tunda kun ce duk Fafaroman da aka yi tun 1378 akwai shakka a kansu, to duk limaman zaɓen da suka naɗa su ma akwai shakka a kansu. Shi kaɗai ne ya rage a raye cikin waɗanda aka naɗa kafin rikicin. Ashe ke nan shi kaɗai ke da ikon zaɓen Fafaroma na gaskiya, kuma ya zaɓi kansa. Tirƙashi! Ya riƙa kamanta dutsen da jirgin Annabi Nuhu, wai duk duniya ta nutse sai su da ke ciki. A 1418 aka zuba masa guba a cikin alewar da yake so, ya sha jinya ya miƙe. Sai a 1423 ya rasu, yana da shekara 94 ko 95, yana nan a kan bakansa. Har yau idan mutum ya kafe ya ƙi sauya magana, mutanen Sifen kan ce ya tsaya a kan sha ukunsa, kuma da yawa na danganta wannan karin magana da Benedict na 13.

Wanda ya gaje shi a kan dutsen, Clement na 8, shi ne mai ɗan ma'ajin nan na uku a cocin Santa Mariya. Bai kai tsohon taurin kai ba, ya sauka a 1429. Wanda ya shiga tsakani aka yi sulhun wani lauyan coci ne, Alfonso de Borja, aka saka masa da kujerar bishop na Balansiya, a 1455 kuma shi da kansa ya zama Fafaroma. Da shi gidan Borgia ya fara tashe, gidan nan da aka yi wa dogon fim mai suna The Borgias.

Daga cocin, hawa kaɗan ya rage a kai fadar. A gindinta akwai mutum-mutumin tagulla na Fafaroma Luna da aka kafa a 2007, yana zaune da doguwar hularsa, ya ɗaga hannu, yara na hawa cinyarsa ana ɗaukarsu hoto. Ita fadar ba shi ya gina ta ba. Wasu mayaƙan coci ne da ake kira Templar, rabi sojoji rabi masu zuhudu, suka karɓi garin a 1294 suka gina ta a kan kufan tsohuwar fadar Larabawa. Sun gama a 1307, kuma a wannan shekarar ce Sarkin Faransa ya sa aka fara kame 'yan ƙungiyar, a 1312 aka rushe ta baki ɗaya. Sun gina gida ba su kwana ciki ba, in ji masu iya magana.

Ginin babu ƙawa ko kaɗan. Bango ne mai kauri, ƙananan tagogi, barga mai faɗi, zaure, kurkuku. A cikinsa akwai coci ta biyu, wadda ita ce ta fi daɗewa a zuciyar mai ziyara: ɗaki ɗaya dogo, rufin dutse mai lanƙwasa, ƙarshensa zagayayye, haske na shigowa ta 'yan tsirarun tagogi. Ba zane, ba zinare. Wannan ɗaki shi ne ya tsaya wa Luna a matsayin babbar cocin Fafaroma, kishiyar ta birnin Rum, kuma a nan aka ajiye gawarsa na 'yan shekaru. Idan aka rage mutane, ba abin da ake ji sai bugun teku a ƙasa. A bayan fadar akwai wata matakala da aka sassaƙa a jikin dutse ta gangara har ruwa. Tatsuniyar garin ta ce a dare ɗaya tsohon ya sassaƙa ta, har zobensa ya faɗa teku. Wani sashe na fadar ya salwanta a 1814, lokacin da sojojin Sifen suka yi mata ruwan igwa don su fitar da sojojin Faransa na Napoleon da suka mamaye ta.

Daga saman rufin ne ake ganin komai. Ta arewa ga dogon rairayin nan ya miƙe har Benikarlo, kuma wanda ya kalli El Cid zai gane shi nan take, duk da otal-otal da suka cika bayansa. A nan aka yi yaƙin ƙarshe. Darakta Anthony Mann da furodusa Samuel Bronston sun ɗauki fim ɗin tsakanin ƙarshen 1960 da farkon 1961, lokacin babu dabarar ninka mutane da kwamfuta. Duk kan da ka gani a filin daga na mutum ne. Gwamnatin Janar Franco ta ba da aron sojojinta na gaske, aka kuma ɗebi mutanen gari da na ƙauyukan kewaye aka naɗa musu rawani aka ba su mashi. Ganuwar ma sai da aka yi mata gyare-gyare da ƙare-ƙare don ta cika ido. Fim ɗin ya kai awa uku, ya yi kasuwa ƙwarai, ya shiga takarar Oscar a fanni uku. Wani abin dariya ga masu bin rigingimun industiri: jarumar fim ɗin, Sophia Loren, sai da ta maka furodusa a kotu saboda a wani babban allon talla a New York an sa sunanta a ƙarƙashin na Heston. Ashe rigimar wa za a sa a saman fosta ba a Kano aka fara ta ba.

To amma mai karatu ya yi hattara, kada ya ɗauki El Cid a matsayin darasin tarihi. Mutumin dai an yi shi: Rodrigo Diaz, kuma laƙabin nasa daga Larabci ne, sayyid, wato shugaba. Ya yi shekaru yana yi wa sarakunan Musulmi na Saragosa yaƙi, fim ɗin ma ya nuna abotarsa da ɗaya daga cikinsu. Ya ci Balansiya a 1094. Amma ba kibiya ce ta kashe shi ba, a 1099 ya mutu a kan shimfiɗarsa, kuma zancen gawa bisa doki almara ce da aka ƙirƙiro daga baya. Matarsa ta riƙe birnin zuwa 1102, sannan ya koma hannun Musulmi.

Wanda aka fi yi wa rashin adalci shi ne bos ɗin fim ɗin, Ben Yussuf, wanda Herbert Lom ya fito a matsayinsa, an shafa masa baƙi a fuska, ya sha baƙin rawani da amawali, yana zare ido yana kururuwa. Wannan fa Yusuf bin Tashfin ne, sarkin Murabiɗai, daular da ta taso daga cikin Sahara, wajen ƙasar Muritaniya ta yau, ta yi mulki tun daga can har Andalus. Shi ya karya rundunar Sarki Alfonso na 6 a yaƙin Zallaƙa a 1086. A fim an nuna dawaki sun tattake shi a bakin tekun nan. A zahiri ya rayu shekara bakwai bayan El Cid, ya rasu a Marakish a 1106 da tsufansa, Balansiya kuma tana hannun mutanensa. Ita kanta fadar da ake hangowa a bayan Heston, sai bayan wajen shekara 200 da mutuwar El Cid aka gina ta.

A zamanin da labarin fim ɗin ya faru ma, Peniskola garin Musulmi ne. Sun riƙe shi tun wajen 718, suna kiransa Banishkula. Sarki Jems na 1 na Aragon ya yi masa ƙawanya a 1225 ya kasa, ya koma. A 1233 mutanen garin suka miƙa shi da kansu bisa sharaɗin za a bar su da addininsu da shari'arsu. A 1251 aka ba Kiristoci 'yan ci-rani gidajensu da gonakinsu. Ragowar jikokin Musulmin yankin kuwa an kore su daga ƙasar a 1609, kuma tashar Binaros da ke nan kusa ta arewa tana cikin inda aka loda su a jirage. Abin da ya rage na tunawa da su a garin shi ne bikin watan Satumba, inda mutane ke rabuwa gida biyu, wasu su yi shigar Larabawa wasu ta mayaƙan Kirista, a yi jerin gwano da kiɗa. Wato nan ma dai kwastum ne.

Wanda ke son ganin ƙauyen kafin duniya ta gano shi sai ya nemi Calabuch, fim maras kala na 1956, na darakta Luis García Berlanga. Barkwanci ne: wani tsohon masanin makamai ɗan Amurka, wanda Edmund Gwenn ya fito a matsayinsa, ya gaji da ƙera abin kisa, ya gudo ya ɓuya a ƙauyen, ya ƙare da taya su haɗa wasan wuta na biki. A cikinsa za ka ga rairayin fayau babu otal ko ɗaya, kwale-kwalen masunta a kan yashi, gidajen duk sun ji jiki. Shekara biyar bayan haka El Cid ya kai hoton dutsen sinimomin duniya, daidai lokacin da Turawan arewa suka fara tururuwa zuwa gaɓar Sifen neman rana. A 1972 gwamnati ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi da doka ta kare, wanda shi ya hana dogayen gine-ginen hawa dutsen. Berlanga ya dawo a 1999 ya yi fim ɗinsa na ƙarshe a nan, París-Tombuctú, labarin wani likita da ya ɗauki keke daga Faris zai tafi Tambutu, ya maƙale a Calabuch. Kallon finafinan biyu a jere ya isa ya nuna abin da shekara 43 suka yi wa wurin. Yau a watan Agusta da ƙyar mutum ke samun wurin sa ƙafa a lungunan. Mai son jin gurnanin Bufador da kyau sai ya bari zuwa kaka ko hunturu, ko ya yi sammako.

A hanyar saukowa, shagunan tsaraba duk Luna ne: a jikin kofi, a jikin riga, har da wani garin ganyayyaki da ake jiƙawa a sha, wanda aka ce shi likitoci suka haɗa masa bayan an sa masa gubar nan. Gawar tasa dai ba ta nan. A 1430 danginsa suka ɗauke ta suka mai da ita garinsu Ilyuweka. Can ma ba ta huta ba, domin a wani yaƙi da aka yi daga baya sojoji sun wawashe gidan suka watsar da ƙasusuwan, ƙoƙon kai kawai aka tsira da shi. Aka ajiye shi a wani tsohon gidan sarauta a ƙauyen Sabinyan, ya yi ta zama cikin akwati har watan Afrilu na 2000, ran da aka wayi gari babu shi. Sai ga wasiƙu suna iso wa magajin garin Ilyuweka: in ana son kan Fafaroma, a biya peseta miliyan ɗaya, kimanin yuro 6,000 ke nan. A watan Satumba na shekarar jami'an tsaro suka gano ƙoƙon, suka kama ɓarayin. Wasu samari ne guda biyu, wa da ƙane, 'yan yankin.